Wai kimiyya zata iya bayanin komai game da mutum da al'adarsa? Amsa ga wani ɗalibi

Wani ƙaninmu ɗalibin jami'a mai karanta ilimin ƙwayoyin cuta ne ya turo tambayar, ga ta a taƙaice: "Malam, ni fa tunda na shiga kimiyya na daina yarda da duk abin da ba a gwada ba. A ganina kunya da al'ada da tarbiyya duk sinadarai ne a ƙwaƙwalwa da kuma sabo, abin da kimiyya bata bayyana ba yau gobe zata bayyana shi. Abokaina a majalisa suna cewa na wuce gona da iri. Shin akwai wani abu game da mutum da kimiyya ba zata taɓa kaiwa gare shi ba, ko dai lokaci ne kawai?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Eh, akwai. Wani ɓangaren gaskiyarka ne lokaci ne kawai, zan nuna maka shi, amma wani ɓangaren ko shekara dubu aka ƙara ana bincike ba za'a tsince shi a ɗakin gwaji ba, saboda tun asali ba irin tambayar da aka ƙera kayan ɗakin gwajin su amsa bace. Kafin in shiga, ka sani ni lafiyar al'umma na karanta kuma ita nake koyarwa, da alƙaluma nake cin abinci, don haka kar ka ɗauke ni cikin masu cewa kimiyya shirmen Bature ce. Na ga yaran da ɗigon rigakafi ya hana su rarrafe a titi, ba zan taɓa raina wannan ba.

Abu biyu ne kake haɗawa wuri ɗaya. Akwai kimiyya a matsayin hanyar aiki, ka lura, ka auna, ka gwada, ka ba wani ya maimaita ya gani ko zai sami abin da ka samu. Wannan babu hanyar da ta kama ƙafarta wajen sanin yadda jiki da ƙasa da sama suke aiki. Sai kuma maganar da ka faɗa, cewa duk abin da ba a gwada ba ba gaskiya bane. Toh wannan maganar taka a wane ɗakin gwaji aka gwada ta? Da wace na'ura? Ba sakamakon bincike bace, ra'ayi ne na falsafa, kuma in ka auna ta da ma'aunin da ita kanta ta kafa bata tsallakewa. Ba kai ka fara ba, a shekarun 1920 zuwa 1930 wasu manyan masana lissafi da falsafa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sun gina makaranta guda a kan kusan wannan ra'ayin, sun ce duk zancen da ba za'a iya tabbatar da shi ta gwaji ko lissafi ba to bashi da ma'ana. A. J. Ayer wanda ya kai ra'ayin Ingila a 1936 yana saurayi, da ya manyanta aka tambaye shi a talabijin mene ne babban aibun wannan makaranta, sai ya amsa cewa kusan dukkanta ba daidai bace. Kaga kenan hanyar da kake kai an bi ta, kuma waɗanda suka share ta da kansu suka juyo.

Amma bari in bar falsafa in kawo ka gida, don a nan ne ni kaina na fahimci abin nan sosai.

A tsakiyar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa, Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda sai a Yulin 2004 aka dawo. Zargin shine an sa wa ɗigon abin hana haihuwa, wasu ma suka ce har da ƙanjamau. A wajen ɗan kimiyya wannan tambaya ce mai sauƙi, a ɗauki samfur a kai ɗakin gwaji. An kai, a gida da ƙasashen waje, hukumomin lafiya suka ce maganin lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya suka faɗa, irin ɗigon nan an ba yara miliyoyi a ƙasashen Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba kuma sun girma sun hayayyafa. A lissafin mai irin tunaninka magana ta ƙare kenan, duk wanda ya ci gaba da ƙi jahili ne. Amma bata ƙare ba, kuma kuɗin da aka biya ba kaɗan bane, yaran da cutar ta kama a Najeriya sun tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006, ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da a da sun rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. Kuma ka lura kimiyya ce ta gano haka, ta hanyar karanta ƙwayoyin halittar bairos ɗin aka san asalinsa daga ina ya taso, aiki ne mai ban sha'awa wallahi. Ta san cutar ciki da bai. Abin da ya kuɓuce mata shine mutumin da ke tsaye a ƙofar zaure.

Ga yadda ranar rigakafi take in baka taɓa bi ba. Mata biyu ko uku cikin hijabi, ɗaya ta rataya akwatin sanyi mai ƙanƙara a ciki, ɗaya da takardar ƙirga, ɗaya da alli tana rubuta lamba a jikin bango, a ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsan hagu a wuce gida na gaba. Sai a zo gidan da maigida ya fito ya tare ƙofa. Mu a takarda gurbi ɗaya muke da shi na irin wannan gidan, a rubuta "ya ƙi" shikenan. Amma in ka tsaya ka gaishe shi yadda ya kamata ka zauna a kan dakali ka saurare shi, abin da zaka ji, kuma na ji shi da kunnena a unguwanni daban daban kusan da kalmomi iri ɗaya, shine: ɗana ya yi zazzaɓi na kai shi asibiti ko farasitamol sai da na saya, ƙyanda ta shigo layin nan ta ɗauki yara ba wanda ya leƙo mu, ruwan sha sai mun sayi na 'yan garuwa, amma wannan abu ɗaya kuna biyo ni har gida kyauta, yau ku zo wata mai zuwa ku dawo, me yasa?

Yanzu don Allah ka dubi wannan tambayar da idon basira. Mutumin nan bai tambaye ka sinadarin da ke cikin kwalba ba. Tambayarsa ita ce wa ya aiko ku, me yake nema a wajena, kuma yaushe ya fara ƙaunata haka. Tambaya ce ta amana. Akwai amsa ta kimiyya ga dalilin da yasa ake bi gida gida, shan inna cuta ce da za'a iya kawar da ita daga duniya gaba ɗaya kamar yadda aka yi wa agana, amma sai kusan kowane yaro ya samu, shi yasa aka zuba mata kuɗi na musamman. Amsar daidai ce, sai dai bata taɓa inda yake masa ciwo ba.

Kuma mutumin yana da tarihi a kansa. A 1996 lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewa, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana a Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka basu sabon, rabi aka basu wanda aka saba, yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan ba maganin ba, iyaye da yawa kuma suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi a kan 'ya'yansu. An yi shekaru ana shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ka ƙara da manufar gwamnatin soja ta 1988 da ta yi kiran kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, wadda mutane basu manta ba, ka ƙara da cewa a Maris ɗin 2003 ɗin nan Amurka ta shiga Iraƙi kowa yana ji a rediyo safe da yamma. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Ni ban ce ƙin rigakafin daidai bane, kuskure ne babba kuma yara ne suka biya da ƙafafunsu, waɗanda suka ruruta jita-jitar suna da alhaki a wuyansu, ga kuma ma'aikata tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013 suna bakin aikinsu, Allah ya jiƙansu. Amma kuskure ne mai dalili, kuma wanda ya kira shi jahilci kawai ya rufe wa kansa ƙofar gyara.

Me ya warware? A 2004 Kano ta amince ne bayan an kawo maganin da aka yi a Indonesiya, ƙasar Musulmi. A wajen mai sinadari ɗigon shan inna ɗigon shan inna ne ko a ina aka yi shi, hannun da ya miƙo ne ya canza. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da mutane ke so, rigakafin ƙyanda, bitamin A, sabulu, gidan sauro a wasu wuraren, wato aka fara amsa tambayar maigidan nan a aikace. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, magana ta sauko daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, aka ɗauki matan unguwa waɗanda ake haɗuwa da su a suna da biki, waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa shiga layi da kekunansu suna magana da iyaye. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ta kama a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji. Ba tare da ɗigon nan ba da ko sarakunan duniya aka tara ba abin da zai faru, amma ɗigon shi kaɗai ya sha zama a cikin akwatin sanyi ƙanƙara na narkewa ƙofa a rufe.

Na san zaka ce ai ilimin zamantakewa ma kimiyya ne, kuma shi ya gano duk wannan. Rabin gaskiya ne. Ana ƙirga gidajen da suka ƙi, ana zana taswira, duk ana yi. Amma sanin me ƙin yake nufi ta hanyar zama da sauraro aka same shi, ta hanyar jin harshe da sanin abin da ake nufi in an ce "sai maigida ya dawo", wanda wani lokacin yana nufin sai ya dawo ɗin wani lokacin kuma a'a ce cikin ladabi. Wannan fahimta ce irin wadda mutum ke yi wa mutum, kuma ilimi ce ta gaske, ana iya yin daidai a cikinta ana iya yin kuskure, sai dai ba'a samunta daga nesa.

Ka ɗauki alkunyar ɗan fari tunda ka ambaci kunya. A ce wani mai bincike ya zo daga ƙasar da basu san wannan ba, ya zauna a tsakar gida da agogo da takarda yana ƙirga sau nawa uwa ta kira sunan ɗanta, sau nawa ta yi masa wasa, sau nawa ta ɗauke shi a gaban mutane. Zai samu uwar nan bata faɗin sunan ɗanta na fari sam, in ya faɗi a gaban surukai sai ta kau da kai ta bari kaka ko kishiya ta ɗauka, in aka yabe shi ta yi kamar bata ji ba. Lambobinsa duk daidai ne, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma in ya rubuta cewa matar nan bata shaƙu da ɗanta ba kai da ka tashi a gidan Bahaushe ko Bafulatani ka san ya yi ɓatan kai, don ka san wa ke tashi tsakar dare in jikin yaron ya yi zafi, ka san kau da kan nan kara ce ga dangin miji, tana nuna yaron nasu ne duka. Aikin mutum yana da ma'ana a wajen mai yinsa, kuma ma'anar ita ce aikin. Ko da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ka sa mata ka ga wajen da ya haska lokacin da ta kau da kai, abin da ka samu shine inda abin ke faruwa a jiki, sai ka dawo ka tambayi wata tsohuwa kafin ka san mene ne abin. Ban musa cewa akwai sinadarai ba, duk wani tunani da jin da muke yi yana tafiya tare da aikin ƙwaƙwalwa, kalmar "kawai" ɗin da ka liƙa ce ba bincike ya baka ita ba.

Yanzu ga ɓangaren da na ce lokaci ne. Wasu kurakuran kimiyya a kan mutane ba iyakarta bace, aikin ne ba'a yi da kyau ba, kuma ita da kanta take gyarawa. A 2008 wani masani Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, daga alƙalumansa aka ga kusan kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, da yawansu ma ɗaliban jami'a ne, amma a rubuta sakamako a ce haka "ɗan Adam" yake. Joseph Henrich da abokan aikinsa suka faɗaɗa maganar a 2010 suka nuna cewa waɗannan mutanen a abubuwa da yawa su ne ma suka fita daban da sauran duniya. Akwai wanda ya fi wannan muni, a farkon shekarun 1950 wani likita J. C. Carothers da ya yi aiki a Kenya ya rubuta cewa tunanin ɗan Afirka yana kama da na Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke gaban ƙwaƙwalwarsa, kuma a 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa littafi a kan ƙwaƙwalwar ɗan Afirka. Da rigar kimiyya ya fito, mutanen zamaninsa da yawa sun karɓa. A daidai wannan lokacin, 1954, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, masu taɓin hankali suna zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin, bai bar maganin asibiti ba amma ya gane cewa mara lafiya ɗan wasu ne. Daga baya ya zama mataimakin shugaban waccan hukumar da ta buga wa Carothers littafi. Irin wannan gyaran kimiyya tana iyawa, kuma ina fata irinku ne zaku ci gaba da shi, ku yi bincike a kan mutanenmu da harshenmu.

Wanda ba na lokaci ba guda biyu ne a ganina, kuma na farkon wani Bature mai nazarin al'adu Evans-Pritchard ya kwatanta shi da kyau a 1937 bayan ya zauna da ƙabilar Azande a kudancin Sudan. Mutane na zaune a inuwar rumbu da zafin rana, rumbu ya rufto ya danne su. Azande sun ce maita ce. Ya ce kar ka ɗauka basu san gara ce ta cinye ƙafafun rumbun ba, sun sani sarai, kuma sun san zafi ne ya kai mutanen inuwa. Abin da suke tambaya shine me yasa ya faɗo a daidai lokacin da waɗannan mutanen ke ƙarƙashinsa, ba jiya ba, ba kan wasu ba. Ni ban yarda da amsarsu ba, zargin maita ya jawo an kashe bayin Allah da basu ji ba basu gani ba, a ƙasarsu da tamu. Amma tambayar fa tana nan. Kimiyya zata ce abu biyu ne suka haɗu, aikin gara da neman inuwa, babu wani dalili bayan wannan, kuma a iyakar aikinta ta faɗi daidai. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban uwar da ɗanta ya rasu ya san in ta ce "me yasa nawa" ba bayanin yadda zazzaɓin cizon sauro ke hawa ƙwaƙwalwa take nema ba. Bayanin yana da amfani, shi zai ceci ƙaninsa. Amma abin da zai ɗaga ta daga tabarmar nan su ne matan da suka cika ɗakin, da kwanon abincin da maƙwabta ke aikowa, da Inna lillahi, da imanin cewa rayuwar yaron da mutuwarsa ba a banza suke ba. Kana iya yarda da wannan imanin, wani kuma a wata ƙasa ya ƙi yarda, amma ku duka biyun ba sakamakon gwaji kuke karantawa ba.

Na biyun shine tsakanin "haka abu yake" da "haka ya kamata a yi". Masanin falsafa David Hume ya lura da wannan tun wajajen 1740, cewa duk yawan bayanan da ka tara a kan yadda abu yake ba zasu haifar maka da "ya kamata" su kaɗai ba, sai ka shigo da wani abu da kake ɗauka da daraja. Misalin da ke gabanmu kullum shine sikila. Kimiyya ta gaya mana in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wannan ba ra'ayi bane, ba kuma a jayayya da shi. Toh a fasa auren? Wa zai yanke, su biyun ko iyaye ko hukuma? In sun ce sun ji sun gani fa? A 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma ni ina goyon baya don na ga yaro a cikin ciwon sikila yana kiran babarsa ta cire masa ƙafa. Amma goyon bayan nawa daga ina ya fito? Daga yarda cewa wahalar yaron da bai zo duniya ba tukuna tana da nauyin da zai iya rinjayar son da mutum biyu ke yi wa juna, kuma malamai da yawa da suka goyi baya da ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa suka kafa hujja. Ɗaya cikin huɗu lissafi ne. Cewa yaro yana da haƙƙi a kanmu ba'a ciro shi daga lissafi ba, daga addini da tarbiyya da tausayi muka zo da shi, waɗannan abubuwan da kace sabo ne kawai. Ko ƙa'idar cewa ba'a gwada magani a kan mutum sai da yardarsa, wadda ita ce zuciyar rigimar Trovan, ba a madubin ɗakin gwaji aka hango ta ba, bayan shari'ar likitocin gwamnatin Nazi ta Jamus a birnin Nuremberg a 1947 aka rubuta ta, bayan mutane masu digiri sun yi abin da ba ya faɗuwa da sunan bincike.

Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya, kar abokanka na majalisa su ɗauki wannan amsar su ce ka gani, ai dama kimiyya bata san komai ba. Wannan ramin ya fi naka zurfi a wajenmu, kuma ya fi kashe mutane. Imam Ghazali wanda ya rasu a 1111 ya yi gargaɗi a kan ɓangarorin biyu a cikin littafinsa Munƙiz, ya ce akwai wanda zai ga ƙwarewar masana a lissafi sai ya bi su a komai har abin da ba fanninsu ba, akwai kuma jahilin masoyin addini da zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata yana ganin taimakon addini yake, alhali ɓarna yake masa, domin wanda ya san lissafin tabbas ne ba zai yi shakkar lissafin ba sai dai ya yi shakkar addinin. Al'ada ma ba komai nata ne abin riƙewa ba. Yankan gishiri ya jefa mata cikin yoyon fitsari, kunyar haihuwar fari tana sa yarinya ta ɓoye naƙuda kwana biyu har abu ya lalace, ka je asibitin Babbar Ruga a Katsina ka ga matan da ake yi wa gyara. A irin wannan wajen in likita ya yi magana al'ada ce zata matsa.

Wankan jego kuma ya koya min taka tsantsan ta ɓangaren biyu. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka ga mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Shekaru da yawa haka muke koyarwa a aji. Sai binciken baya-bayan nan da likitocin zuciya na Kano suka jagoranta ya fi karkata ga rama da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom, bai samu alaƙa mai ƙarfi da wankan kansa ba. Wanda ya je gida ya kira kakarsa jahila da hujjar 1970 yanzu sai ya sake lale. Kuma ko a lokacin da muke ganin wankan ne, abin da takarda bata nuna ba shine kwana arba'in ɗin nan ne kaɗai lokacin da mace ke hutawa, a ɗauke mata girki da ɗiban ruwa, a bata nama da yaji, uwarta ko goggonta tana kusa. In ka soke shi duka ka ɗauke mata wannan ma. Don haka in matar yayanka ta haihu abin da nake ba iyalai shawara shine a bar mata hutunta da kulawarta, a surka ruwan kar ya ƙona ta, a rage kanwa sosai musamman in ta yi hawan jini da cikin, a auna jininta a asibitin unguwa cikin makon farko, kuma in aka ga ƙafa na kumbura ko tana haki ko tari ko bata iya kwanciya sai an jingina ta da filo, a kai ta asibiti a ranar, kar a jira arba'in. Kuma ba kai zaka shiga ɗakin ka faɗa ba, ka samu goggon da ke yi mata wankan ka durƙusa ka gaishe ta ka yi mata bayani ita kaɗai, don in ta ce a surka ruwa za'a surka.